Kwafin lambar Gwarzon Ƙwadago ta Sobiyat: ado ne, ba zinare ba

Masu sha'awar tara kayan tarihi a Sakkwato sun fara yin odar kwafin wannan tauraro mai guduma da lauje ta intanet, wasu har suna zaton zinare suka saya. Mun duba irin wanda ya fi yawo, kuma ga abin da ke cikinsa.

Ita dai lambar ta asali, Tarayyar Sobiyat ta ƙirƙiro muƙamin a Disamba 1938, Stalin ne ya fara karɓa a 1939, tauraron kuma ya biyo baya a 1940. Kafin ƙasar ta wargaje a 1991 an ba mutum sama da 20,000, daga masu tatsar nono a gonakin gwamnati har Kalashnikov mai bindiga, wanda ya samu sau biyu. Tauraron zinare ne mai tsini biyar, faɗinsa milimita 33.5, nauyinsa giram 15.25, a bayansa akwai rubutun Rashanci da lambar siriyal.

A sikeli asirin kwafin ke tonuwa. Tagulla ce aka yi wa ruwan gwal, ita kuwa ba ta kai rabin nauyin zinare ba, don haka tauraron shi kaɗai, idan an cire marataya, bai fi giram bakwai ko takwas ba. Wanda ya kai 15 to an ƙara masa kauri, ka duba gefensa. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin bai kama tagulla, bai kama zinare. Gara a kai wa masu gwal a Babbar Kasuwa su goga shi a dutse su ɗiga ruwan gwaji.

Daga gaba aikin ya yi kyau, ba laifi. Bayan ne ya ba da mu: haruffan sun dakushe saboda zubi aka yi ba bugu ba, kuma sau da yawa lambar siriyal ɗaya za ka gani a kan kwafi goma. Jan ƙyallen da ke jikin marataya leda-leda ne maimakon alharini, rana tana kashe launinsa da wuri. Notin baya kuma laushi gare shi, da an matsa da filaya haƙoran notin sun cinye, sai dai a ɗaure da yatsa. Ga zufar watan Afrilu, tana cin ruwan gwal daga tsinin, kore ya fito. Kada a goge da Brasso, wato man goge ƙarfe, kankare gwal ɗin yake yi. Busasshen ƙyalle ya isa, a ajiye a akwatin gilashi saboda ƙurar hunturu.

Ga malamin tarihi da zai nuna wa ɗalibai, kwafin ya cancanci kuɗinsa. Duk wanda ya ce maka na asali ne, tambaye shi takardar shaida da Lambar Lenin, wata lambar girma da ake haɗawa da ita, ka kuma sani dokar Rasha ta hana cinikin irin waɗannan lambobi.