Kwas ɗin "Think Again" a Coursera, kashi na huɗu kan kurakuran hujja

Duk wanda yake yawan shiga musu a Facebook ko a majalisa bayan isha'i, gaskiya ina ba shi shawara ya leƙa wannan kwas ɗin. Jami'ar Duke ta Amurka ce ta ɗora shi a Coursera, wato shafin koyon darussa ta intanet, tun 2012, malamai biyu ne suke koyarwa, Walter Sinnott-Armstrong da Ram Neta, kuma an raba shi kashi huɗu. Ni na huɗun nake magana a kai, wanda yake nuna yadda hujja take rubewa ta ciki alhali a kunne tana da daɗi.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa ba ka sunayen kurakurai kawai ka haddace ka je kana jifan mutane da su, a'a, sai sun nuna maka yaushe abu yake zama kuskure yaushe kuma ba kuskure ba ne. Misali sukar mutum maimakon maganarsa. Wani ya ce farashin taki ya yi yawa sai a ce masa kai da ko gona ba ka da ita, to ina ruwan gonarsa da farashin taki? Amma in shaida ne a kotu kuma an san ya sha yin ƙarya, tuhumarsa ba laifi ba ne, saboda a nan gaskiyarsa ce abin dogaro. Haka batun jingina da manya, likita in ya yi magana kan zazzaɓin cizon sauro a saurare shi, in ya koma kan darajar naira ya zama kamar ni da kai.

Darasin da ya tsaya min a rai shi ne na hujjar da take toshe kanta, wadda babu yadda za a yi a ƙaryata ta. Wallahi wannan ita ce cutar da ta cinye mana muhawarar siyasa, ka ce wane ya yi aiki a ce an saye ka, ka kawo hoto a ce ai dama waɗanda aka saya su ake ba hoto, ka yi shiru a ce ka ga kunya ta kama shi, duk ta inda ka ɓullo kai ne mai laifi. Maganar da babu abin da zai iya rusa ta, ba ta tabbatar da komai ba kenan. Akwai kuma murɗe maganar abokin musu ka mayar da ita mai rauni sannan ka kayar da ita, da hujjar da take zagayawa ta dawo inda ta faro.

Waɗanda suka karanta mandiƙi, wato ilimin kafa hujja, a zaure za su ga abubuwa da yawa da suka sani, don tushen ɗaya ne, Aristotle, masanin falsafar nan na Girka, tun can ya lissafa irin waɗannan kurakurai guda 13.

Kwas ɗin da Turanci yake kuma misalan yawanci na rayuwar Amurkawa ne, sai ka ɗan zauna ka nemo naka na gida. Bidiyoyin gajeru ne, akwai rubutun abin da malamin yake faɗa a ƙasa, kuma manhajar Coursera ta waya tana bari ka sauke su, don haka in ka samu wifi ka sauke gaba ɗaya ka huta da kashe data. Kada a tsallake tambayoyin gwajin da suke biyo bayan darasi, a nan ne ake gane ko abin ya zauna.