Ledar shara ta dala 89 da na saya da sunan sadaka a Amurka

Shekarata ta bakwai ke nan a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, kuma har zuwa azumin da ya wuce ina ganin na gama sanin dabarun 'yan kasuwar ƙasar nan. A goman ƙarshe, ana saura kamar rabin awa a sha ruwa, wayar girke ta gidanmu ta yi ƙara, wayar da ba mu nema ba, kamfanin intanet ne ya haɗa mana da ita. Na ɗauka sai na ji muryar wani mutum mai magana a hankali, yana jan kalmomi kamar wanda harshensa ya yi nauyi. Ya ambaci sunana, ko da yake ya karya shi, ya ce shi gurgu ne a kan keke, yana aiki a wani kamfani da ke ɗaukar nakasassu, kuma ba sadaka yake roƙo ba, so yake in sayi ledar shara ko ƙwan fitila domin shi da abokan aikinsa su ci gaba da samun abin yi. Wannan magana ta cewa ba sadaka yake roƙo ba ita ce ta kayar da ni. Na taso a garin da nakasasshe ke miƙo hannu ta tagar mota, yau ga wani yana cewa aiki yake so, ga shi kuma muna cikin dararen da kowa ke neman lada. Ban tambayi ko leda nawa ce a cikin kwalin ba, na karanta masa lambar katina, aka cire dala 89.

Bayan kwana goma kwalin ya iso. Uwargidana ta buɗe, ta zaro leda ɗaya ta ɗaga ta wajen taga, sai ga hasken rana yana ratsa ta kamar mayafi. Ta ce, "Baban Amina, irin wannan fa ba ta wuce dala goma sha wani abu a kanti, kuma ta kanti ta fi ta kauri." Na ce mata ba leda na saya ba, lada na saya. Ita ba ta ƙara magana ba, amma 'yarmu mai shekara 14 ta ɗauki takardar da ke cikin kwalin, ta juya bayanta, ta karanta mana wasu ƙananan rubutu da sai mutum ya ƙura ido yake ganinsu: kamfanin na neman riba ne, ba ƙungiyar agaji ba ce, kuma abin da aka biya ba ya cikin kyautar da ake rage wa mutum haraji a kanta. Ta shiga shafin hukumar haraji ta IRS, inda ake duba sunayen ƙungiyoyin agaji masu rajista, ba ta ga sunansu ba. Ta ce, "Baba, an yi maka wayo." Duk wanda 'yarsa ta taɓa gaya masa haka a gaban mahaifiyarta ya san yadda abin yake, balle ni da na riga na ba da labarin wannan sadaka a masallaci bayan tarawihi, har wani ɗan'uwa Bamaraɗe ya yi mini addu'a.

Abin bai tsaya nan ba. Da alama sunana ya shiga jerin masu saurin tausayi, domin kira ya riƙa shigowa kusan kowane mako, yau mai muryar gurgu, gobe wata mace da ta ce makauniya ce, jibi wani da ya ce tsohon soja ne da ya rasa ƙafa. Bayan wata biyu sai ga wani kwali na tsummokaran goge kicin da ban yi oda ba, tare da takardar neman kuɗi, sannan aka biyo da waya cewa idan ban biya ba za a miƙa ni ga masu karɓar bashi. A Amurka wannan barazana ba ƙarama ba ce, domin idan tarihin bashin mutum ya ɓaci, hayar gida da sayen mota duk sai su yi masa wuya. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba a kan tsumman goge tukunya.

A nan ne kuma na ga abin da ya burge ni da ƙasar, dole in faɗa. Dokar tarayya ta ce duk kayan da aka aiko wa mutum ta gidan waya ba tare da ya nema ba, kyauta ce, ba sai ya biya ba kuma ba sai ya mayar ba. Akwai rajistar da hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta buɗe tun 2003, inda mutum ke sa lambarsa a hana masu talla kiransa. Ƙungiyoyin agaji na gaskiya ba sa cikin wannan hani, shi ya sa waɗannan kamfanoni ke yin shigar masu agaji a baki, a takarda kuma su rubuta akasin haka don su kare kansu. Sana'ar ma tsohuwa ce, domin a 2008 hukumar ta maka wasu kamfanoni na jihar Arizona a kotu kan irin wannan ciniki na ƙwan fitila da ledar shara da tsadar hauka, inda tsofaffi masu zaman kaɗaici suka fi shan wahala. Na rubuta ƙorafi ta intanet cikin minti goma, ba wanda ya ce in kawo na goro, kuma da na gaya wa mai kiran cewa na san dokar, sai ya kashe wayar. Na lura cewa a wannan karon harshensa bai yi nauyi ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a cikin garin nan da nake, a kan titin Gate City da nake bi kullum, akwai masana'antar makafi ta gaskiya mai suna Industries of the Blind, wadda ke aiki tun 1933. Makafi ne ke haɗa biron nan baƙi da ake amfani da shi a ofisoshin gwamnatin Amurka da barikokin soja, ƙarƙashin wata doka da ta samo asali a 1938, wadda ta wajabta wa gwamnati sayen wasu kayayyaki daga irin waɗannan wurare. Da safe nakan gan su suna sauka daga bas da fararen sandunansu, kowa ya nufi bakin aikinsa, kuma babu wanda ya taɓa kirana ana dab da shan ruwa yana karya murya. Ba wai komai ya gyaru ba ne, don har yanzu akwai wata tsohuwar doka da ta yarda a biya wasu nakasassu ƙasa da mafi ƙarancin albashi na dala 7.25 a awa, amma tun dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990 da wuya a ga sabon gini ko motar bas da keken gurgu ba zai iya hawa ba.

Duk da haka, ranar da kwali na biyu ya zo na yi kewar gida ƙwarai. A Kano idan zan ba da sadaka ina ganin hannun da ya karɓa, ina jin addu'arsa da kunnena, idan kuma leda zan saya a Singa sai na ja ta da hannu biyu kafin in taya. Amma idan na tuna sai in ji kunyar kanmu. Akwai guragu a Kano da suka koyi walda suna ƙera kekunan guragu da lilon yara, mu nawa ne muka taɓa takawa muka sayi kayansu da farashinsa? Mun fi son mu jefa naira hamsin ta taga mu ja gilashi. Dokar da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin ya wuce, amma a je a duba ƙofar banki, wannan akwatin da ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga, a gaya mini ta ina mai keke zai bi.

Wayar girken dai na zare ta daga bango. Ledar kuwa har yanzu muna amfani da ita, sai dai uwargida takan haɗa biyu-biyu don kada ta fashe a kan matakala, kuma duk ranar fitar da shara sai Amina ta tambaye ni ko in ɗauko mata ledar lada.