Kwafin katin Visconti-Sforza: katin ya yi, ɗan littafin cikin kwalin ne matsala

Aikina a fim shi ne duk abin da ɗan wasa zai ɗauka da hannunsa: kofi, wasiƙa, zobe, fitila. Idan kyamara ta matso kusa da yatsu aka ga abin da bai dace ba, ni ake nema. To watanni huɗu da suka wuce aka miƙo min labarin wani gajeren fim da ke faruwa a fadar Milan ta ƙasar Italiya a 1452, shekara biyu bayan Francesco Sforza ya karɓi mulkin birnin. A fitowa ta bakwai akwai wata tsohuwa a ɗaki mai duhu, ga kyandir, ga katin tarot a gabanta, wato kartar nan mai hotuna da ake duba da ita. Ta juya ɗaya, sai ga Mutuwa, sai tsawa. Duk wanda ya saba kallon fina-finai ya ga irin wannan har ya gaji.

Marubucin ma har hoto ya liƙa a gefen takardar don in gane abin da yake so: ƙwarangwal sanye da baƙin sulke, a kan farin doki, riƙe da tuta mai farar fure. Hoton yana da kyau, sai dai Pamela Colman Smith ce ta zana shi, kuma a Landan aka buga shi a 1909. Wato tsakaninsa da labarinmu shekara fiye da 450 ce. Da a ce agogon hannu muka ɗaura wa Sforza, da kuskuren bai fi haka girma ba. Wannan ne ya sa na shiga intanet na yi odar kwafin katin da ake kira Visconti-Sforza, wanda masana ke cewa an zana shi a farkon shekarun 1450 domin wannan gida ɗin dai. Ba zan faɗi kamfanin da ya buga wanda na saya ba, saboda akwai ƙorafi a gaba, kuma na lura yawancin laifin da zan lissafa ba nasu ne su kaɗai ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki da na buɗe kwalin shi ne girman katin. Tsawonsa ya kai santimita 17 da ɗoriya, faɗinsa kusan 9, daidai da na asali. Ba ya ɓuya a tafin hannu kamar kartar da muka sani. Yarinyar da ke fitowa a matsayin Bianca Maria Visconti, matar Sforza, ta gwada riƙe guda goma a hannu ɗaya, uku suka zube. Wannan kaɗai ya sauya yadda muka tsara zaman teburin, don dole kowa ya riƙe nasa da hannu biyu ko ya kife wasu a gabansa. Abu ne da ba za ka taɓa ganewa ba idan a fuskar kwamfuta kake kallon katin.

Na biyu, babu suna ko lamba a jikin manyan katunan, wato masu hoto irin su Mutuwa. Na yaba wa masu bugawa a kan wannan ƙwarai, domin na ga wasu kwafe-kwafen da aka ƙara wa farin gefe aka rubuta sunan kowane kati da harsuna huɗu ko biyar, abin da na asalin ba shi da shi. Mutanen fadar sun haddace wane ke cin wane. Nawa hoto ne zalla, daga baki zuwa baki.

Na kwashe dare guda ina duba su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, kuma a nan ne kuɗina suka fita. Mutuwa a wannan katin ba ta da doki, ba ta da sulke. Ƙwarangwal ne a tsaye, da farin ƙyalle ɗaure a ka, riƙe da baka. Dattijon da a katunan baya ake zana shi da fitila, a nan agogon yashi ne a hannunsa, don Lokaci yake wakilta. Wawan kuwa yana tsaye cikin tsumma, gashin tsuntsu a soke cikin sumarsa, kulki a kafaɗa, ga maƙoƙo a wuya, wanda mai zanen bai ɓoye ba. A rigar Sarki da ta Sarauniya ana ganin zobba uku masu lu'ulu'u a sarƙe da juna, tambarin gidan Sforza, sannan a wasu ƙananan katunan akwai taken gidan Visconti da tsohon Faransanci, "a bon droyt", wato bisa cancanta. Duk waɗannan sun fito sarai a bugun. Mai ɗinkin kayanmu ta ɗauki hoton hannun rigar Sarauniya ta tafi da shi wurin aikinta.

Sai matsala ta fara ɓullowa ranar gwajin haske. Na asalin, wanda ake jingina zanensa ga Bonifacio Bembo, an shimfiɗa masa zinariya ce ta gaske, wadda aka daka ta zama falle, sannan aka bi ta da ɗan ƙarfe ana danna mata ado. Idan hasken kyandir ya taɓa irin wannan, kowane ɗan rami sai ya kama wuta. A kwafina zinariyar tawada ce kawai, ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya, kuma an lulluɓe katin da wani santsi kamar leda. Mai ɗaukar hotonmu ya kunna fitila ɗaya, ya leƙa, ya ɗago kai.

"Yaya, wannan ai madubi ka kawo min. Fuskata nake gani, ba Sarauniya ba."

Feshin kashe ƙyalli ya rage abin, amma ya ƙara kashe zinariyar da dama can ba ta da rai. Daga ƙarshe sai da na sake buga guda biyar a kwali mai kauri, na manna musu fallen zinariya na kwaikwayo da hannuna, na bi da bakin ƙusa mara tsini ina danna ado. Kwana uku ya ci min. Su ne kyamara ta matsa kusa da su, sauran suka tsaya a hannun 'yan wasa daga nesa.

A wajen wannan aikin ne na gano wani abu da ban taɓa tunaninsa ba. Kwafin ya bi na asali sau da ƙafa, har da tsufansa: inda fenti ya ɓare, inda baki ya cinye, da ɗan hujin da ke saman katunan, alamar an taɓa kafe su da ƙusa. Ga mai nazari wannan alheri ne. Ga fim ɗin da ke faruwa a 1452 kuwa kuskure ne, domin a lokacin katin sabo ne fil, bai san ƙusa ba. Mu masu fim mun saba da shafa wa komai ƙura don ya yi kama da na da, mun manta mutanen da ma sababbin kaya suke saya. Sai da na toshe hujin a kwamfuta kafin in sake bugawa.

Babban ƙorafina shi ne katuna huɗu. Cikakken tarot guda 78 ne, amma 74 ne suka rage na wannan: 35 a ɗakin karatu na Morgan da ke New York, 26 a gidan zane-zane na Accademia Carrara da ke Bergamo, 13 a hannun iyalin Colleoni. Shaiɗan, Hasumiya, mahayin doki na jerin tsabar kuɗi (ɗaya daga jeri huɗu na kartar), da uku ta takobi, duk sun ɓata. Masu bugawa sun sa wani mai zane na zamaninmu ya cike gurbin, wanda ba laifi ba ne idan an faɗa. To ba a faɗa ba, ko a kwali, ko a ɗan littafin da ke ciki. Kuma kamar da gayya, da darakta ya zo duba kayan, hannunsa bai sauka a kan komai ba sai Shaiɗan, mai fikafikan jemage da jajayen idanu.

"Wannan za mu buɗe fim da shi," in ji shi.

Na ce, "Darakta, wannan bai girme ka ba."

Bai yarda ba sai da na buɗe masa shafin Morgan, inda suka sa hotunan nasu kyauta, muka bi lissafin tare. Shaiɗan da Hasumiya ba su tsira ba a wannan, haka ma a sauran manyan saitin katin gidan Visconti biyu, wanda ke Jami'ar Yale da wanda ke gidan zane-zane na Brera a Milan. Akwai kuma guda shida na gaske, amma wani mai zanen daban ne ya yi su daga baya: Ƙarfi, Tsakaitawa, Tauraro, Wata, Rana da Duniya. Idan ka jera su kusa da sauran za ka ga hannun ba ɗaya ba ne. Su ma na janye su daga gaban kyamara. Littafin bai ce uffan a kansu ba.

Abin da littafin ya cika shafukansa da shi shi ne ma'anar kowane kati a duba, idan ya fito daidai da idan ya fito a kife, bayan gabatarwar da ke cewa limaman tsohuwar Masar ne suka ɓoye iliminsu a cikin hotunan. Ni ba duba ya kai ni ba, kuma ba ruwana da shi, amma ko a ma'aunin tarihi maganar ba ta tsaya ba. Wanda ya fara yaɗa ta wani malamin coci ne mai suna Antoine Court de Gébelin, a Paris, a 1781. Ya ga ana wasa da katin, ya yanke hukunci cewa na Masar ne, alhali a lokacin babu mai iya karanta rubutun Fir'aunoni, sai a 1822 Champollion ya warware shi. Bayansa wani da ke kiran kansa Etteilla, wato sunansa Alliette da ya juya baya, ya mai da abin sana'a. A zamanin Sforza wasa ake yi da katin, irin wanda ake zubarwa zagaye-zagaye babba ya ci ƙarami, manyan katunan nan masu hoto kuma suna cin kowane jeri. Har yau ana buga shi a Faransa, da Ostiriya, da birnin Bologna. Ko sunan ma, a rubuce-rubucen farko na 1440 da 1442 "trionfi" ake ce masa, kalmar "tarocchi" ba ta bayyana ba sai wajen 1505. Dole muka goge "tarot" daga bakin duk 'yan wasan. (Faransawa "taro" suke furta shi, wanda ya sa duk lokacin da na ce a kawo taro sai wani ya tambaye ni ƙarfe nawa za a zauna.)

Abin dariyar shi ne akwai Masar a labarin, ba dai wadda littafin ke nufi ba. Karta ta shigo Turai a shekarun 1370 daga daular Mamluk ta Masar, kuma akwai wani tsohon saitinsu a fadar Topkapi da ke Istanbul: kofuna, tsabar kuɗi, takubba, da sandunan wasan folo. Manyansu su ne malik da na'ib. Eh, na'ibin da muka sani. Daga nan Italiyawa suka samo "naibi", Sifaniyawa har gobe suna ce wa karta "naipes". Turawa ba su san folo ba a lokacin, sai suka mai da sandar kulki. Abin da Italiyawa suka ƙara shi ne jeri na biyar mai hotuna. Wannan sakin layi ɗaya da ya ishi littafin, da ya fi shafi arba'in ɗin da suka ɓata.

To ina fitowa ta bakwai ta kwana? Marubucin ya ji haushi kwana biyu, sannan ya dawo da abin da ya fi na farko. Katin da ya ba shi mafita shi ne na saurayin da aka rataye ta ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, hannu a baya. A Italiya ta wancan zamani haka ake zana maci amana a bangon gari don a tozarta shi, kuma an taɓa yi wa mahaifin Francesco kansa, Muzio Attendolo, irin wannan zane a Rum. Yanzu tsohuwar ta fita daga fim ɗin. Mutum huɗu ne a teburi suna wasa, wani baƙo da ake zargin yana cin tudu biyu ya ajiye wannan katin a gaban Sforza, ya ci zagayen, ɗakin ya yi tsit. Don tafiyar wasan mun jingina da dokokin da aka buga a Faransa a 1637, muka rage su yadda mai kallo zai bi.

Idan bincike za ka yi, ko ɗinki, ko zanen ɗaki, saye shi ba asara, in dai ka tabbatar mai cikakken girma ne kuma babu rubutu a gefe. Ka ware huɗun nan tun ranar farko ka sa musu alama a baya, ni jan tef na manna musu. Idan kuma kyamara za ta zo kusa, ka sa ran aikin hannu na jiranka. Kwalin ma ba shi da ƙwari, murfin ya yage a mako na biyu, yanzu a akwatin takalmi nake ajiye su.

Tsawar ce dai darakta ya ƙi cirewa. Na kawo masa hujja a kan huji, da zinariya, da Shaiɗan, duk ya karɓa. Da na zo kan tsawa sai ya ce, "Yaya, a 1452 ba a ruwan sama a Milan ne?" Tana nan a minti na sha ɗaya, daidai lokacin da katin ya taɓa teburi.