Na gwada Stellaris don ganin XIST da idona, ga yadda na same shi

Jama'a masu aikin lab, musamman waɗanda ke fama da RNA ɗin nan da ba sa zama furotin, wata na huɗu ke nan ina amfani da Stellaris, kayan da ke haskaka RNA a cikin ƙwayar halitta har ka gan ta a maikiroskof, na kamfanin LGC Biosearch Technologies, na ce bari in faɗi abin da na gani tunda mutane biyu sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa.

Aikina a kan XIST ne. Mace tana da kiromosom X guda biyu, namiji ɗaya, to tun tana ɗan tayi kowace ƙwayar halitta sai ta kashe aikin guda ɗaya, wannan shi ne abin da Mary Lyon ta faɗa tun 1961, kuma shi ya sa kyanwa mai launi uku kusan kullum mace ce. A 1991 aka gano XIST, doguwar RNA ce mai harafi wajen dubu 17, an kwafo ta daga DNA kamar sauran amma ita ba ta fita daga cibiyar ƙwayar, nan take zama ta lulluɓe X ɗin da ta fito daga jikinsa har ya yi shiru. Ni abin da ya hana ni barci shi ne wane turke aka ɗaure ta da shi, don RNA mai kai saƙon furotin da an gama gyara ta waje ake turata.

Kayan dai ɗan kwalba ne ƙarami, a ciki akwai gajerun zaren DNA da ake ce wa furob har 48, kowanne harafi wajen 20, kowanne da ɗigon rini mai ƙyalli a bakinsa. Idan suka jeru a jikin RNA ɗaya sai hasken ya taru ka gan shi. Dabarar daga aikin Arjun Raj da Sanjay Tyagi na 2008 ta samo asali. Na XIST na mutum akwai shi haɗaɗɗe, ba sai ka zauna zanawa ba, haka MALAT1 da NEAT1, su ma RNA ne da ba sa zama furotin, in kuma taka RNA ɗin daban ce akwai manhajar zanawa kyauta a shafinsu.

Aikin kam ba wahala. Ka daskarar da ƙwayoyin da fomaldihaid minti 10, ka jiƙa su a itanol kashi 70, ka zuba ruwan furob ɗin su kwana a zafi digiri 37 cikin duhu, da safe ka wanke ka sa DAPI, rinin da ke mai da cibiya shuɗiya, ka tafi maikiroskof. Ranar farko da na leƙa wallahi sai da na kira abokiyar aikina ta zo ta gani, cikin kowace cibiya mai shuɗi ga wani dunƙulen haske guda ɗaya kamar gajimare, yawanci a gefe, daidai wurin da Murray Barr ya ga baƙin ɗigo, wato X ɗin da ya yi shiru, a ƙwayoyin jijiyar kyanwa tun 1949. Na ɗauko gilashin ƙwayoyin namiji, wayam, ko ɗigo babu. Nan hankalina ya kwanta cewa ba datti nake kallo ba.

Inda ya fi burge ni shi ne da muka rage furotin hnRNPU, wanda wasu ke kira SAF-A, shi ne yake riƙe RNA da hannu ɗaya DNA da ɗaya hannun, tun 2010 masu bincike a Japan suka nuna in babu shi XIST ba ta zama. Gajimaren nan sai ya watse, ɗige-ɗige ko'ina cikin cibiyar kamar an kwance awaki daga turke, kuma RNA ɗin tana nan ba ta ɓace ba, wurin zama kawai ta rasa. Haka aka ruwaito game da furotin CIZ1 a 2017, shi kuma wani yanki mai maimaituwa a jikin XIST da ake ce wa E yake kamawa. Na karanta wannan sau nawa a takarda amma ganinsa daban ne.

Sai dai a sani, hoton yana nuna maka ina RNA take ne kawai, ba ya faɗa maka wa ya riƙe ta. Kamar batun U1, wani haɗin ƙaramar RNA da furotin, da wani lab na jami'ar Tsinghua a Sin ya fitar a 2020, cewa yana manne wa RNA da yawa ya tsare su a kan kiromatin, wato DNA da furotin ɗin da ta naɗe, wannan sai ka haɗa da raba ƙwaya kashi-kashi da qPCR, gwajin auna yawan RNA. Kuma ƙwayoyin matattu ne, motsi ba za ka gani ba. RNA gajera ma ba ta da filin da zare da yawa za su zauna, haskenta zai yi rauni.

Kafin ka kashe kuɗi ka tabbatar maikiroskof ɗinku yana da gilashin da ake ɗiga wa mai, wanda ke ƙara girma sau 60 ko 100, da matatar hasken da ta dace da rinin da ka zaɓa, ni Quasar 570 na ɗauka. Ka raba furob ɗin ƙananan kwalabe ka ajiye a firiza cikin duhu, safar hannu kuma kar ka cire ta don RNase, sinadarin da ke lalata RNA, yana jikin fata kuma yana cinye komai. In lab ɗinku wuta ba ta tsayawa ku fara gyara maganar firiza tukuna. Ni dai na riga na sa a kawo min na NEAT1.