Masu binciken ɓarnar makamashi a gida: aikinsu ya yi kyau, bayaninsu kan haraji ya gaza

Duk mai tsohon gida a jihar Maryland ta Amurka ya san yadda kuɗin gas da na lantarki ke hauhawa idan hunturu ya kama, shi ya sa a 2025 na ɗauki wani ƙaramin kamfani domin ya bincika mini inda ɗumin gidana ke zurarewa.

Ta fuskar aiki, ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Ma'aikacin ya rufe tagogi, ya kafa wata babbar fanka a bakin ƙofar shiga, wadda ke zuƙo iskar cikin gida zuwa waje, sannan ya bi ɗaki-ɗaki da kyamarar da ke nuna zafi da sanyi. A jikin allonta na ga shuɗin layi ya kewaye murfin hawa saman silin, da na kai hannu kuma sai na ji sanyi yana hurowa ta ramin soket. Na daɗe ina zargin tagogi, amma rahotonsa ya nuna cewa toshe waɗannan kafofi da ƙara kayan tare sanyi a saman silin sun fi gaggawa, sun kuma fi araha.

Inda suka gaza shi ne bayanin rangwamen haraji, wanda da shi suke tallata kansu. Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022 ta ba da rangwamen kashi 30 cikin 100, amma da iyaka: dala 150 kan irin wannan bincike, 600 kan tagogi, 250 kan kowace ƙofa, kuma jimillar waɗannan ba ta wuce 1,200 a shekara. Ba su faɗa mini cewa ladan ma'aikata ba ya shiga lissafin tagogi, ƙofofi da kayan silin ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suka bar mutane suna zaton gwamnati ce za ta aiko da kuɗi, alhali daga harajin da ake bin mutum ake cirewa, kuma wanda harajinsa bai kai ba ya yi asarar ragowar, saɓanin rangwamen sola da ake iya ɗage ragowarsa zuwa shekara mai zuwa. Iyali masu ƙaramin ƙarfi ne wannan shiru ya fi cutarwa.

Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe rangwamen biyu bayan 31 ga Disamban 2025. Wanda ya kammala aikinsa zuwa wannan rana zai nemi haƙƙinsa a fom 5695 na hukumar harajin Amurka, IRS, kuma ya tabbata rahoton binciken na ɗauke da sunan mai binciken da lambar harajinsa. Binciken kansa har yanzu ya cancanci kuɗinsa, amma kafin a biya, a tambayi kamfanin lantarkin yankin ko yana ɗaukar wani kaso.