Tambarin fayil ya canza bayan saka manhaja: a gyara mabuɗi ko a wanke ma'ajiyar tambari?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ka saka wata manhajar karanta takardu ta kyauta a kwamfutarka mai Windows 10, washegari ka tarar duk takardunka na Word da na PDF sun ɗauki tambarinta, wasu kuma sun koma farar takarda babu tambari ko kaɗan. Wani ya ce maka ka gyara ta "Open with", wani ya ce ka goge "icon cache", kana son sanin wanne ne daidai.

Da farko hankalinka ya kwanta, takardunka lafiyarsu ƙalau. Ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu ba. Kuma duk mutum biyun gaskiya suka faɗa maka, sai dai kowa da cutar da maganinsa yake yi wa aiki.

Windows ba ya leƙa cikin fayil don ya san ko mene ne. Jelar sunan yake dubawa, wato haruffan da ke bayan ɗigo, kamar .docx ko .pdf ko .mp4, sai ya duba rajistarsa ya ga wace manhaja aka rubuta a matsayin mabuɗin wannan jela. Daga wannan manhajar yake aro tambarin da kake gani. To amma da yake zana dubban tambura duk lokacin da ka buɗe folda zai sa kwamfuta nauyi, sai yake adana kwafinsu a wata ma'ajiya. Ita ce ake kira "icon cache". Wurare biyu ke nan da abu zai iya lalacewa: rajistar, ko ma'ajiyar.

Gwajin da zai raba maka gardama bai fi daƙiƙa biyar ba. Danna fayil ɗin sau biyu. Idan ya buɗe a sabuwar manhajar da ba ka so, mabuɗi ne ya canza, kuma ko ka wanke ma'ajiya sau goma tambarin nan zai dawo, don Windows gaskiyar abin da ke rajista yake nuna maka. Idan kuwa ya buɗe a Word yadda ya saba amma tambarin ne kawai ba daidai ba, to ma'ajiya ce ta riƙe tsohon hoto, kuma "Open with" ba lallai ya taɓa ta ba.

Gyaran mabuɗi shi ne mai sauƙi, kuma shi na fi zato a kanka. Danna fayil ɗin da ɓangaren dama na maus, zaɓi "Open with", sannan "Choose another app". Idan takardar Word ce, zaɓi Word, ka tabbata ka sa alama a ɗan akwatin nan na "Always use this app" kafin ka danna OK. Wannan akwatin shi ne duk sirrin. Na taɓa zama kusa da wata ɗaliba a shagon buga takardu, tana zaɓar Word, fayil ya buɗe, ta rufe, ta sake dannawa ya koma gidan jiya, har idonta ya ciko da ƙwalla tana tsammanin aikin kammala karatunta ya lalace. Akwatin nan ne kawai ba ta taɓa ba. Ka sani kuma kowace jela gyaranta daban: .doc da .docx ba ɗaya ba ne a wurin Windows, haka .xls da .xlsx. Idan suna da yawa, shiga Settings, Apps, Default apps, ka sauka ƙasa zuwa "Choose default apps by file type" ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan akwai maɓallin "Reset", amma ban cika ba da shawararsa ba, don yana mayar da komai ga zaɓin Microsoft: PDF ya koma Edge, wato manhajar shiga intanet ta Microsoft, bidiyo da waƙoƙinka su bar manhajar da ka saba da ita.

Wanke ma'ajiya kuwa ba ya canza wace manhaja ke buɗe me, tambura kawai yake sa Windows ya sake zanawa. Fara da ƙaramin wanki: danna maɓallin Windows tare da R, rubuta ie4uinit.exe -show, ka danna Enter. Idan bai yi ba, buɗe Command Prompt, wato baƙin allon nan na rubuta wa Windows umarni, ka rubuta waɗannan bi da bi:

taskkill /f /im explorer.exe
del /a /q "%localappdata%\Microsoft\Windows\Explorer\iconcache*"
start explorer.exe

Bayan layin farko sandar ƙasa da duk tamburan allo za su ɓace ɗif. Kada gabanka ya faɗi, layi na uku ne zai dawo da su. Fayilolin da ka goge, irin su iconcache_32.db da iconcache_256.db, Windows zai gina sababbi da kansa.

Abu biyu nake roƙonka kada ka yi. Kada ka canza jelar sunan fayil da hannunka, wannan ba ya mayar da PDF ya zama Word, ruɗa kwamfutar kawai yake yi. Kada kuma ka sauko da manhajojin nan masu cewa za su share rajista su gyara komai. Tun Windows 8 na 2012 zaɓin da ka yi ana kulle shi da wata lambar sirri a rajista, idan wata manhaja ta taɓa shi ta bayan gida Windows yakan yi watsi da canjin ya koma ga nasa zaɓin.

Fararen takardun da ka ambata su ne nake so ka duba da kyau. Sau da yawa hakan na nufin rajista tana nuni ga manhajar da babu ita, ko an cire ta ko an canza mata wuri. Fara gyara mabuɗi, sannan ka wanke ma'ajiya, kada ka juya tsarin. Idan Word ya ƙi fitowa a jerin "Open with" sam, shiga Settings, Apps, nemo Microsoft Office, danna "Modify", ka zaɓi "Quick Repair". Ba ya buƙatar data, kuma yana sake rubuta jelolin Word da Excel a rajista tare da tamburansu.