JNU ko Aligarh: Inda Ɗalibin Indiya Zai Fi Cuɗanya da Jama'a

Ɗalibin Indiya mai son zama da mutane iri-iri yana iya auna Jami'ar Jawaharlal Nehru (JNU) da ke New Delhi da Jami'ar Musulmi ta Aligarh da ke jihar Uttar Pradesh. An kafa ta farkon a 1969, kuma tana bin tsarin gwamnatin tarayya na ware gurabe: kashi 15 cikin ɗari ga ƙasƙantattun rukunonin al'umma, kashi 7.5 ga ƙabilun da aka bari a baya, kashi 27 ga sauran marasa galihu. Saboda haka ɗan manomi daga jihar Bihar kan kwana ɗaki ɗaya da ɗan attajiri daga jihar Kerala, har gardamar siyasa ta kai su tsakar dare.

Aligarh kuwa, wadda ta samo asali daga kwalejin da wani jagoran ilimin Musulmin Indiya, Sayyid Ahmad Khan, ya assasa a 1875, ta zama jami'a a 1920, kuma tana ware rabin gurabenta ga ɗaliban makarantunta. Musulmi kan sami natsuwa a can, ga harshen Urdu ga masallaci kusa, amma a ganina cuɗanyar ta fi faɗi a Delhi.